Fanka Biyu a Hanyar Shinkafi

Mai niyyar zuwa Shinkafi daga Gusau a 'yan shekarun nan, kafin ya tambayi kuɗin mota sai ya fara tambayar lafiyarta. Hanyar ba wani tsawo gare ta ba. Awa guda ta kai ka Ƙaura Namoda, daga can kuma kimanin kilomita 60 ne zuwa Shinkafi, a bi ta Moriki. Amma tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, tsayawa a inda babu gari ta zama abin da kowane direba ke roƙon Allah ya raba shi da shi. Taya ta yi faci, a ja ta a haka har a hango gidaje. Fitsari ya matsi fasinja, ya daure. Inji ne kaɗai ba ya jin lallashi idan ya tafasa.

Motar da na samu Hilux ce ta wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi, abokin yayana, za ta kai kaya ranar Laraba don ta riski kasuwar Alhamis. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin rana ke haura 40 a ma'auni, don haka da aka ce mini motar tana da esi sai na yi hamdala. Tarihinta irin na ɗaruruwan 'yan uwanta ne. A wata ma'aikata ta fara aiki, aka yi gwanjonta, Alhaji ya saye ta da injinta na dizal, wanda makanikai ke kira 5L, mai lita 3. A 2022 da dizal ya yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, sai ya sa aka sauke injin, aka ɗora mata na fetur, 3RZ mai lita 2.7, ɗan Beljiyam da aka sayo a Ƙofar Ruwa ta Kano. Bai gama mayar da kuɗinsa ba, ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur. Direban ya ce har yau ba a tayar da wannan zance a gaban Alhaji.

Na sha tsayawa a gareji ina kallon yadda ake musanya inji, kuma kusan kullum abu ɗaya ne. Kwanaki ake yi ana fama da kujerun inji, da haɗa shi da giyabos, da salansa, da tankin da za a wanke dizal daga cikinsa. Ranar da aka murɗa makulli ya tashi, sai a taru ana sauraren ƙararsa, mai mota ya yi murmushi, oga ya goge hannu ya tafi sallar la'asar. Abin da ya rage, wato damin wayoyin da ke lilo ba a san gidan kowacce ba, sai a bar wa yaro ya ƙarasa kafin magariba. Da kunne ake karɓar aikin inji a ƙasar nan, waya kuwa ba ta ƙara sai ranar da ta ƙone.

Daga Gusau zuwa Ƙaura motar ba ta nuna komai ba. Direban, saurayi ne ɗan Zurmi da bai wuce shekara talatin ba, ya sake mata wuta, allurar zafi tana tsakiya, sanyi yana fitowa daidai gwargwado. Muka shiga Ƙaura da hantsi.

Garin Namoda kenan, jarumin Alibawa da ya yi yaƙi a ɓangaren Shehu Usmanu, a gaɓar gulbin Gagare. Nan ne ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau, wanda ya iso a 1929 don kwashe gyaɗa da auduga. Tashar tana nan, ƙarafan suna nan, jirgin kuwa ya zama labari ga yaran garin. Duk abin da a da yake hawa tarago, yanzu a bayan mota yake tafiya, shi ya sa ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya take da daraja a nan fiye da yadda mutumin Kano zai zata. Muka wuce ta kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, muka fita bakin gari inda motocin Shinkafi ke taruwa su jira rakiyar jami'an tsaro.

Jiran ya yi tsawo. Direban ya bar injin yana aiki saboda ni, kuma duk lokacin da kwamfireso ya kama sai motar ta yi rawar jiki, ta yi shirin mutuwa, ya ɗan taka totur. Can ya kai hannu zai kashe ta, sai ya janye da sauri yana yarfe yatsu. Makullin ya yi zafi. Ya ce ai haka take yi tun da aka sa mata injin, ya naɗe hannunsa da gefen riga ya murɗa.

A gabanmu akwai wata akori-kura ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda aka haɗa a Kakuri ta Kaduna, kamfanin da ya fara aiki a 1975 ya kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barin ta. An yi mata lodin buhunan gishiri har ta durƙusa. Mai ita, dattijo mai farin gemu, ya ɗaga bonet yana duba ruwa, na matsa muka gaisa. Fankar 504 tana da wata dabara da ta riga zamaninta. Fambel ne ke juya ta, amma ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi: wani ɗan makunni a jikin lagireto ya saki wuta, maganaɗisu ya damƙe ta, ta fara ja. Ta dattijon nan an ɗaure ta tamau da noti, tana juyawa daga tashin inji har kashe shi. Na tambaye shi ko makunnin ne ya lalace.

"Lahiya tai lau sadda nic cire shi," in ji shi. "Ɗana, hanyag ga ba a ba ƙarhe amana. In ina jin hwanka da kunnena, hankalina kwance yake."

Wannan ita ce hujjar duk wanda ya mai da fankarsa dairek, kuma daga Legas har Illela haka ake yi. A cire tamostat a jefar, a haɗa fanka da makulli, a ce ai an ƙera motar ne don ƙasar sanyi. Masu bayanin mota a Facebook da YouTube sun mai da abin abin dariya, suna kiran sa jahilci. Ni dai da na tsaya a wannan layi, na kalli dajin da za mu shiga, ban ga abin dariya a maganar dattijon ba. Makunnan zafin da ke kasuwa da yawansu jabu ne, kuma idan za su mutu ba sa sallama. Wanda zai iya kwana a hannun masu garkuwa saboda ɗan ƙarfen da bai kai babban yatsa ba, yana da damar ƙin yarda da shi.

Aka ba da hannu, ayarin ya tashi. Tafiyar ayari daban take. Ba mai wuce wani, ba mai barin rata, ga ramuka, don haka gudun bai wuce 40 zuwa 50 ba. Gonaki a bushe, wasu ma an ga alamar sun yi damina ba a taɓa su ba. Ƙauyuka biyu ko uku da muka ratsa babu ko akuya. Ba mu yi nisa ba na ga idon direban ya koma kan dashbod ya ƙi tashi. Allura ta bar tsakiya.

"Malam, ka yi haƙuri, za ni kashe esin ga."

Ya kashe, muka sauke gilasai, iska mai zafi da ƙura ta cika motar. Allurar ta tsaya jim kaɗan, sannan ta ci gaba da hawa a hankali. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne muna jin fankokin biyu suna kuka, ba su tsaya ba ko na daƙiƙa. Yaron motar da ke baya a kan kaya ya ƙwanƙwasa rufi ya ce yana jin warin ruwan zafi. Babu wanda ya amsa masa. Direban yana ta hasbunallahu a ƙasan maƙoshi, yana sakin giya a duk gangara don injin ya huta. Daga inda hanyar Zurmi ta rabu ya nuna mini da haɓa ya ce can gida ne, bai ƙara kalma ba.

Da allura a bakin ja muka shiga Moriki, garin Sarkin Burmi. A shingen jami'an tsaro ayarin ya ɗan dakata, yaron ya duro da ledojin fiya wata, yana fasawa yana watsa wa lagireto ta gaba. Ya kai hannu kan murfin, direban ya daka masa tsawa. Gaskiyarsa: murfin nan yana riƙe matsi na kusan ba 1 (ma'aunin matsi), wanda ke hana ruwa tafasa sai zafinsa ya kai wajen 120, kuma duk wanda ya buɗe shi a wannan hali da fuskarsa zai biya. Wani abin mamaki kuma, muna tsaye injin na aiki sai allurar ta fara sauka da kanta. Mota ta yi sanyi a tsaye, ta yi sanyi a guje, ta tafasa a tsakani. Haka muka lallaɓa, ta Kwanar Badarawa, har Allah ya kai mu Shinkafi bayan azahar.

Ko ruwa ba mu sha ba direban ya nufi rumfar wani mai wayarin a bayan tasha. Mutum ne siriri da ya manyanta, tabarau ɗaure da zare, gabansa tsohon batir da ƙwan gwaji da filaya. Ya saurari labarin bai katse ba, sannan ya ce a tayar da mota. Bai ko ɗaga bonet ba. Ya tsinci wata baƙar leda a ƙasa, ya miƙe ta a gaban motar daidai hancin lagireto, ya saki. Maimakon ta manne, ledar sai ta yi tsalle ta dawo kan ƙafarsa.

"Wa yay yi maka wanga aiki?"

"Can Gusau anka yi shi, Baba."

"To, gaba taka hura iska. An juya mata waya."

Bayanin ba shi da wuya da zarar an gani. Hilux da fankar fambel take zuwa, mai wani kulochi da ke ɗauke da man silikon a ciki. Da aka ɗora sabon injin, nasa kulochin ya tsiyaye, rumfar fankar ma ba ta zo daidai ba, sai aka ɗauko fanka biyu na lantarki daga wata ƙaramar mota aka ɗaura a bayan lagireto. Irin wannan fanka, in ka musanya wayarta biyu, juyawa za ta yi ta ɗaya gefen, ƙararta kuwa ba za ta canza ba. Aikinta ta zuƙo iska daga waje ta ratsa lagireto zuwa ciki. Ta motarmu tana tura ta waje ne. A tsaye, ko ta wace fuska iska ta bi, ta dai ratsa, ruwa ya ɗan huce. A gudu 100, iskar hanya ta fi ƙarfinta ta danne ta. A gudun ayari kuwa ƙarfinsu ya zo ɗaya, kamar mutum biyu na tura ƙyaure guda, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje. Watanni motar ta yi tana zirga-zirga tsakanin Gusau da Funtuwa a guje, shi ya sa ba a gane ba.

Da ya ɗaga bonet sai sauran ɓarnar ta fito. Ya bi wayar fankokin da yatsa, siririya irin ta rediyo, ta huda bango ta shiga ƙarƙashin sitiyari, aka murɗa ta a jikin wayar makulli aka naɗe da salatif. Salatif ɗin ya narke ya zama ƙullutu mai danƙo, robar wayar ta yi baƙi ta ƙandare, da ya lanƙwasa ta sai ta ɓare, jan ƙarfen ya bayyana. Babu fis, babu rile. Kowace fanka irin wannan tana jan amfiya 10 zuwa 15, ta kuma zarce haka a lokacin da take tashi, ga su biyu, duk ta cikin makullin da ba a yi shi don wannan kaya ba. Zafin da ya ƙona yatsun direban a Ƙaura kenan. Da wayar ta taɓa jikin mota, babu abin da zai yanke wutar sai gobara.

Na ja benci na zauna, don aikin ya cancanci kallo. Ya jawo waya mai kauri daga kan batir, ya sa mata fis mai amfiya 40 tun ba ta yi taki ɗaya ba, ya kai ta ga rile. Rile ɗan akwati ne baƙi mai ƙafafu, kowace da lambarta, lambobin da Jamusawa suka tsara duniya ta bi: wuta mai nauyi ta shiga ta 30 ta fita ta 87 zuwa fanka, 85 da 86 kuma su ne na umarni, wutar da ke bi ta cikinsu ba ta kai ta ƙaramin ƙwai ba. Makulli ya koma mai ba da izini kawai, batir ya ɗauki kayan. Ya kankare fenti a jikin mota har ƙarfe ya yi fari kafin ya ɗaure wayar at, yana faɗa wa yaronsa cewa rabin ciwon wayarin mota daga nan yake.

Sai ya kwance bututun ruwa ya leƙa gidan tamostat. Wayam. A nan ne suka yi musu da direban, kuma a nan ne ni ma na rabu da dattijon Ƙaura. Fanka dairek, in dai akwai fis da rile, illarta mai sauƙi ce: gawayinta ya cinye da wuri, altaneta ta wahala. Cire tamostat shi ne babbar asarar. A injunan Toyota irin wannan yana buɗewa ne a wajen 82, kafin nan yana tsare ruwa a cikin inji har ya yi ɗumi. In babu shi, da asuba ko lokacin hunturu injin ba ya kai zafin aikinsa, ƙwaƙwalwar motar kuma tana karanta sanyi ta yi ta ƙara fetur, fulogi ya yi baƙi, mai ya tsinke, ringi ya ci. Mutumin da ya sauke injin dizal don tsimin kuɗin mai, ga shi yana zubar da fetur ta ramin da makanikensa ya buɗe. A wasu injunan ma tamostat ne ke toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji bai je lagireto ba, don haka cire shi na iya ƙara zafin da ake gudu.

Ɓangaren esi ya fi ko'ina rikicewa. Kwandensa a gaban lagireto take, duk zafin da aka kwashe daga cikin mota a nan ake zubar da shi, saboda haka da kwamfireso ya kama dole fanka ta kama, ko da ruwan inji da sanyinsa. A jikin bututun gas akwai wani makunni mai waya huɗu. Biyu suna kashe kwamfireso idan gas ya zube ko matsi ya kai wajen ba 30, sauran biyun kuma suna tayar da fanka tun yana wajen 15. Na motarmu an cire filoginsa, an cusa guntun waya an haɗe bakin. Ma'ana ko bututu zai fashe, kwamfireso ba zai saki ba, ga fankar da ya kamata ta rage matsin tana watso wa kwandensa zafin inji. Wayar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar injin cewa an kunna esi, don ta ɗaga silo, ita ma tana nan a naɗe ba a haɗa ta da komai ba. Rawar jikin da motar ke yi a layin Ƙaura kenan.

Baba ya ce rile biyu zai sa, ɗaya na zafin ruwa, ɗaya na esi. Direban ya ce ai ɗaya ta isa, a haɗa wayoyin biyu a ƙafa guda. Baba ya cire tabarau ya dube shi. In aka yi haka, in ji shi, ranar da makunnin zafi ya saki wuta za ta bi ɗaya wayar ta koma baya, ta tayar da kwamfireso ba wanda ya kira shi, a daidai lokacin da injin ke neman sauƙi.

Na bar su na shiga gari kafin la'asar. Shinkafi ta fara cika tun Laraba. Motocin dabbobi daga wajen Isa da Sabon Birni, 'yan Nijar da raƙuma da buhunan kanwa, masu albasa daga fadama. Tsofaffi sun ce abin da nake gani bai kai rabin na da ba, kuma kowa yana tuna Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya, aka hana sayar da fetur a jarka. Na so in je Katuru in ziyarci kabarin Sarkin Musulmi Atiku, wanda ya rasu a can a 1842, mai masaukina ya girgiza kai kawai, na bar zancen.

Da na dawo an kusa gamawa. An samo tamostat da makunnin zafi na Beljiyam a wajen wani mai kayan gyara, Baba ya jefa su a gwangwanin ruwan zafi a kan murhun mai shayi, ya ga tamostat ya buɗe baki, ƙwan gwaji ya kawo wuta, sannan ya yarda ya ɗaura. Aka tayar da mota, fanka shiru. Direban ya kasa tsaye ya kasa zaune. Sai da allura ta kai tsakiya fankokin suka kama gaba ɗaya, ledar ta manne a hancin motar, bayan ɗan lokaci suka saki.

Duk da haka direban ya ce shi fa ba zai shiga dajin Moriki da fankar da ke yin shiru ba. Baba bai yi gardama ba. Ya huda dashbod a gefen sitiyari ya sa masa ɗan makunni na hannu, ya bi da shi ta ƙafar umarnin rile, yadda duk lokacin da gabansa ya faɗi zai iya tayar da fankokin da kansa ba tare da wuta mai nauyi ta bi ta yatsunsa ba. Madadin makunnin gas mai waya huɗu kam ba a same shi a Shinkafi ba. Ya zare filogin kwamfireso ya naɗe, ya rubuta sunan abin a bayan kwalin rile, ya ce a nemo a Gusau, kafin nan a sha iskar Allah.

Direban ya kira Alhaji ya karanta masa lissafi. Ina jin muryarsa daga inda nake zaune, yana tambayar yadda za a yi motar da aka sa wa sabon inji ta koma cin kuɗin waya. Aka miƙa wa Baba wayar, ya yi bayani tun daga leda har gwangwanin mai shayi. Bayan sallar magariba kuɗin suka shigo ta wajen mai POS na bakin tasha, an zabtare kuɗin rile ɗaya.